Daga Masaƙa Zuwa Ɗakin Kwana: Tarihin Famfon da Ke Kashe Gobara da Kansa

A daren 24 ga Fabrairu 1809, gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane da ke Landan ya ƙone ƙurmus. Shekararsa 15 kacal da ginawa, kuma masu shi sun sha bugun ƙirji cewa wuta ba ta isa ta yi masa komai ba, tunda akwai labulen ƙarfe tsakanin dandamali da 'yan kallo, ga kuma manyan tankunan ruwa a can sama. Ranar da aka buƙace su babu wanda ya tsinana komai.

Da aka sake gina gidan a 1812, sai aka ɗauki dabarar William Congreve, mutumin da aka fi sani da ƙera wa sojojin Ingila rokokin yaƙi. Ya girka rufaffen tanki mai cin lita wajen 95,000, ya ja babban bututu daga jikinsa, ya fitar da rassa zuwa kowane sashe na ginin, kowane reshe an huhhuje shi. Idan wuta ta tashi, wani ya ruga ya murɗa bawul, ruwa ya yi ta tsiyaya ta hujojin. Tun kafin shi, a 1723, wani masanin haɗa sinadarai a Landan mai suna Ambrose Godfrey ya yi rajistar wata ganga cike da ruwan magani, da albarushi a tsakiyarta da lagwani a waje, wai idan wuta ta lashi lagwanin gangar ta fashe ta watsa ruwan. Ta Godfrey ba ta jiran mutum amma ruwanta ganga ɗaya ne. Ta Congreve ruwa a wadace, sai dai tana jiran wanda zai buɗe. An kwashe fiye da shekara 60 kafin a samu wanda ya haɗa biyun wuri ɗaya ta hanyar da za ta yi aiki.

Inda buƙatar irin wannan na'ura ta nuna sosai shi ne masaƙun arewa maso gabashin Amurka. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake gurzar auduga ya san irin burbushin da ke tashi ya manne a ko'ina. To a masaƙar wancan zamani, bene ne mai hawa biyar ko shida, daɓensa katako ne da ya sha man injin ya ƙoshi, fitilunsa na mai ne ko na gas, iskar ciki kuwa cike take da wannan burbushi. Ɗakin da ya fi haɗari shi ne inda injin ke yagalgala damin auduga. Ƙusa ɗaya ko tsakuwa ta shiga haƙoran injin, tartsatsi ya tashi, shi ke nan.

A Lowell ta jihar Massachusetts, injiniyan da ke kula da magudanan ruwan da ke juya masaƙun garin, James B. Francis, ya fara sanya huhhujajjun bututu a 1852. An yi amfani da irinsu fiye da shekara 30, kuma kowa ya san aibinsu. Da dare sai mai gadi ya ga wutar tukuna, sannan ya gano bawul ɗin da ya dace a cikin duhu da hayaƙi. Idan ya buɗe, ruwa zai sauka a kan ɗakin gaba ɗaya, har inda wutar ba ta je ba, wani lokaci ɓarnar ruwan ta zarce ta wutar. Ƙananan hujojin kuma tsatsa da fenti da burbushi kan toshe su. Ga wani abu kuma: da yake ruwan ya rarrabu ta ɗaruruwan huji, wanda ke sauka daidai kan wutar ba shi da yawa.

A nan ne 'yan inshora suka shigo, kuma a ganina ba za a fahimci wannan tarihi ba sai da su. A jihar Rhode Island akwai wani mai masaƙa, Zachariah Allen, wanda ya kashe kuɗi ya inganta gininsa da kaurin daɓe da katangun tare wuta da injinan tura ruwa, sannan ya je wa kamfanin inshorarsa ya ce a rage masa kuɗin shekara. Suka ƙi. Sai a 1835 ya tara 'yan'uwansa masu masaƙu suka kafa tasu inshorar ta taimakon juna, wadda ba ta karɓar kowa sai mai kula da gininsa, abin da ya rage a ƙarshen shekara kuma a mayar wa masu zubi. Tunda asarar ɗaya ta kowa ce, suka riƙa tura masu duba gini su zaga masaƙu. Waɗannan kamfanoni, da aka sani da Factory Mutual, su ne kasuwar farko ta duk wanda ya zo da wata dabarar rage gobara.

Wanda ya zo da ita kuwa ba ma'aikacin kwana-kwana ba ne, mai kamfanin ƙera fiyano ne a New Haven, sunansa Henry S. Parmelee. Bayan gobarar Chicago ta 1871 da ta Boston ta 1872 kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo, shi kuwa masana'antarsa ta Mathushek ba komai a cikinta sai busasshen katako da man goge shi. Akwai waɗanda suka riga shi tunanin, kamar Manjo Stewart Harrison a Landan a 1864 da Philip Pratt a Massachusetts a 1872, amma na Parmelee, da ya yi wa rajista a 1874, shi ne ya fita daga takarda ya hau silin. Bututun yana cike da ruwa kullum. A jikinsa, tazara-tazara, an ɗaura kawunan feshi, kowanne an rufe bakinsa da hular tagulla da aka liƙe da wata dalma mai saurin narkewa. Zafi ya narkar da liƙin, ƙarfin ruwa ya tunkuɗe hular, ruwa ya sauka a nan kaɗai. Sauran kawunan suna nan a rufe. An sanya kusan 200,000 nasa, yawanci a masaƙu.

Matsalarsa ɗaya: yana da nawa. Liƙin yana manne da ƙarfen da ruwa ke taɓawa daga ciki, ruwan kuwa yana shanye zafin, don haka kafin dalmar ta narke wutar ta yi nisa. Wanda ya warware wannan shi ne mutumin da ke ƙera wa Parmelee kayan yana sanya su, wato Frederick Grinnell na kamfanin bututu da ke Providence, tsohon injiniyan jirgin ƙasa. A 1881 ya yi rajistar nasa, inda ya raba liƙin da ruwan. Ya toshe bakin da murfi, ya tokare murfin da 'yan ƙarafa, liƙin kuma ya koma can waje a jikin matokarin, inda iska mai zafi ke dukansa ta ko'ina. Ya kuma sa wani ɗan faifai mai haƙora a gaban bakin, ruwan ya daki faifan ya tarwatse, kamar yadda mai ban-ruwa ke tare bakin tiyo da yatsa. A 1890 ya sake fito da wani mai murfin gilashi, wanda tsatsa ba ta kama shi ta manne. Idan aka ajiye na 1890 kusa da na yau, ba sai an gaya wa mutum jini ɗaya ba ne. Sunansa ya bi kayan har a Faransa aka riƙa kiran na'urar da shi.

Babban canjin da ya biyo baya shi ne 'yar kwalbar da aka fara amfani da ita a shekarun 1920, ita ce wadda ake hangowa yau a silin ɗin otal ko banki. Siririya ce, kaurinta milimita 5, ko 3 a masu saurin amsawa. An cika ta da wani ruwa mai launi aka bar ɗan kumfan iska a ciki, aka tokare murfin da ita. Zafi ya taso, ruwan ya kumbura ya haɗiye kumfan, da ya rasa wurin zuwa sai ya fasa kwalbar. Launin ba ado ba ne, shi ke faɗin zafin da za ta fashe: mai ruwan lemo digiri 57 a ma'aunin Selshiyos, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja aka fi gani a ofis da ɗakin kwana; a kicin ko kusa da tukunyar injin sai a sa wadda ta fi jure zafi. Kai guda yana tsare fili mai murabba'in mita 12 zuwa 20, gwargwadon haɗarin abin da ke ƙasa, yana zubar da lita 60 zuwa 100 a minti.

'Yan fim sun ɓata wa wannan na'ura suna. A fim, jarumi ya kunna ashana ƙarƙashin kai ɗaya sai ginin gaba ɗaya ya koma ruwan sama. A zahiri hayaƙi ba ya buɗe shi, ƙararrawa ba ta buɗe shi, sai zafi, kuma wanda zafin ya kai gare shi kaɗai. Ƙididdigar Amurka ta nuna a kusan kashi uku cikin huɗu na gobarar da na'urar ta yi aiki, kai ɗaya tak ya buɗe. Akwai dai tsarin da duk kawunan a buɗe suke, ruwa ya kwararo gaba ɗaya, amma wannan sai a wuri irin rumfar jiragen sama ko ma'ajiyar mai. A ƙasashen sanyi, inda ruwa zai daskare ya fasa bututu, akan cika bututun da matsattsiyar iska wadda ke danne wani bawul. Kai ya buɗe, iskar ta fice, ruwa ya biyo. A ɗakunan adana littattafai da na kwamfutoci kuwa, sai na'urar jin hayaƙi ta ba da izini kafin ruwa ya shiga bututun ma. Abin da ya fi burge ni a tsoffin gine-gine shi ne ƙararrawar: ruwan da ya fara gudu shi ke juya wata 'yar ƙafa da ke dukan kuge a bangon waje, ba ruwanta da lantarki.

Na'urar ta ƙetara Ingila ta hannun George Parmelee, ɗan'uwan Henry, wanda ya yi gwaji a bainar jama'a a Bolton a 1881, shekara guda bayan haka aka sanya ta a wata masana'antar kaɗi a wajen garin. A 1883 William Mather na Manchester ya samu izinin sayar da ta Grinnell a ƙasashen waje. A 1885 kuma John Wormald, ma'aikacin wani kamfanin inshora a Manchester, ya rubuta ƙa'idojin farko na yadda za a sanya ta. Amurkawa sun makara a nan. Da wasu 'yan inshora da masu ƙera kayan suka zauna a Boston a 1895, Grinnell na cikinsu, sai suka tarar a kewayen mil 100 na birnin akwai ma'auni tara mabambanta na girman bututu da tazarar kawuna, kowane mai aikin famfo da nasa. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar rigakafin gobara ta NFPA a 1896, kuma kundinta na farko, wanda yau ake kira NFPA 13, har yanzu da shi injiniyoyi ke aiki a ƙasashe da yawa.

Duk wannan don dukiya aka yi. Inda aka sanya na'urar, an sanya ne saboda mai gini ya lissafa ya ga ragin inshora zai biya kuɗinta cikin 'yan shekaru. Inda lissafin bai fita ba, ba a sanya ba, ko mutum nawa ke ciki. Ranar Asabar 25 ga Maris 1911 aka ga sakamakon haka a New York, lokacin da wuta ta tashi a kamfanin ɗinkin riguna na Triangle, a hawa na 8 da 9 da 10. Wata ƙofa a kulle take, tsanin 'yan kwana-kwana ya tsaya a hawa na 6. Mutum 146 suka mutu cikin ƙasa da rabin awa, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa. Shekara 30 ke nan da fitowar na'urar Grinnell, tana ta tsaron damin auduga a Lowell, amma babu ko ɗaya a saman masu ɗinke audugar. Bayan haka ne jihar ta tilasta sanya ta a dogayen masana'antu.

Daga nan tarihin ya koma ihu bayan hari, kowace doka da gawawwakin da suka jawo ta. Otal ɗin Winecoff na Atlanta, wanda ke tallar kansa a matsayin ginin da wuta ba ta ci, ya ci mutum 119 a Disamba 1946. Gaskiya ne siminti da ƙarfen ba su ƙone ba, abin da ke ciki ne ya ƙone. A 21 ga Nuwamba 1980 wayar lantarki ta haddasa wuta a wani ɗakin cin abinci na otal ɗin MGM Grand a Las Vegas, ta ratsa zauren caca a guje. An gina otal ɗin a kan dala miliyan 106, amma aka tsallake zauren da na'urar don kada a kashe dala 192,000. Inda wutar ta iso sassan da ke da kawunan feshi, nan ta tsaya. Sai dai hayaƙin ya riga ya bi ramukan lif da matakala ya hau sama, ya kashe mafi yawan mutum 85 da suka rasu, a ɗakunan da wuta ba ta ko leƙa ba.

Labarin da masu wannan sana'a ba sa gajiya da bayarwa shi ne na One Meridian Plaza, bene mai hawa 38 a Philadelphia. A daren 23 ga Fabrairu 1991 wasu tsummokara da ma'aikata suka bari jiƙe da man goge katako suka kama da kansu a hawa na 22. Lantarkin ginin ya ɗauke, janareton bai ɗauka ba, bawul-bawul ɗin rage ƙarfin ruwa da ke jikin bututun 'yan kwana-kwana kuma an saita su ba daidai ba, tiyo ya ƙi ba da ruwan kirki. Jami'ai uku suka mutu. Bayan awa 11 shugabansu ya janye kowa don gudun kada ginin ya rufta, aka koma gefe ana kallo tana hawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta isa hawa na 30, inda wani ɗan haya ya sanya na'urar, kawuna 10 suka buɗe, da ruwan da motocin kwana-kwana ke turowa daga ƙasa. A nan ta mutu, bayan awa 19.

Ɗakin kwana shi ya zo ƙarshe. Kan da aka ƙera don masaƙa yana iya ceton gini ya makara wajen ceton mai barci, shi ya sa a farkon shekarun 1980 aka fito da mai saurin amsawa, wanda ke watsa ruwa har jikin bango inda labule da kujeru suke. Birnin Scottsdale na Arizona ya wajabta shi a sababbin gidaje a tsakiyar shekarun 1980, Wales ta yi haka ga duk sabon gida daga Janairu 2016. Ingila kuwa sai da gobarar benen Grenfell ta ci mutum 72 a 2017 sannan, a 2020, ta sauko da tsayin sabon benen kwana da dole a sa masa na'urar daga mita 30 zuwa 11.

Parmelee da Grinnell sun so su cire mutum daga lissafi, kuma sun cire shi daga daren gobara, amma aikinsa ya dawo sauran ranakun shekara. A alƙaluman NFPA na'urar tana amsawa a fiye da kashi 90 cikin 100 na gobarar da ta isa ta tayar da ita. Idan ta ƙi, fiye da rabin lokuta dalili ɗaya ne: wani ya rufe babban bawul, don gyara ko don yoyo, bai sake buɗewa ba. Bututu na nan, kawuna na sheƙi, takardar izini na rataye a ofis, ruwa babu. Masu duba gini na Factory Mutual sun daɗe da gane haka, shi ya sa ake ɗaure bawul da sarƙa da kwaɗo a buɗe, idan kuma dole ta sa an rufe sai a rataya masa jan kati har a buɗe shi. Abin mamaki, kundin da ya tattara ƙa'idojin kula da na'urar wuri ɗaya, NFPA 25, bai fito ba sai 1992, kusan shekara 100 bayan na sanya ta.

Abin da ke cikinsa aiki ne mai gundura, ba na bajinta ba. A leƙa bawul kowane mako ko kowane wata, a karanta agogon auna ƙarfin ruwa. A tayar da injin tura ruwa mai amfani da dizal kowane mako ya yi minti 30 yana aiki. A buɗe ɗan famfon gwaji, wanda bakinsa daidai yake da kai ɗaya, a ji ko ƙararrawa za ta kaɗa. Sau ɗaya a shekara a saki babban magudani a ga yadda allurar agogon ke faɗuwa da dawowa, don wannan ne ke tona asirin bawul da aka rufe rabi a wani wuri. Kowace shekara 5 a buɗe bututu a duba ciki, saboda tsatsa da laka da wasu ƙwayoyin halitta masu cin ƙarfe. Kan da mai fenti ya shafa ba a kankare shi, sauya shi ake yi, domin fenti na hana zafi shiga, yana kuma manne murfin. Ba a rataya masa kaya, ba a jibga kwalaye su matso shi ƙasa da santimita 45. Idan ɗakin da aka tsara don ofis ya koma sito na katifu ko taya, lissafin ruwan ya tashi aiki, sai an sake. A kusa da babban bawul kuma akwai akwatin da ke ɗauke da aƙalla kawuna 6 na canji da sifanar kwance su. Kai na gama-gari kan yi shekara 50 kafin a cire samfuri a kai ɗakin gwaji.

Wani lokaci kuma laifin daga masana'anta yake. A 1998 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sa aka janye kawuna miliyan 8.4 samfurin Omega na kamfanin Central, saboda zoben robar da aka toshe bakinsu da shi yana mannewa ya ƙi sakin ruwa. A 2001 aka shiga sauya wasu miliyan 35 masu irin wannan zobe.

A garuruwanmu, inda gobarar kasuwa ta dare ta zama kamar ta shekara-shekara, irin wadda ta cinye Sabon Gari ta Kano a Maris 2016, akan ji masu cewa a sanya wannan na'ura. Maganarsu na kan hanya, amma wanda zai yi ya san abin da ya ɗauko. A Providence da Manchester bututun gari ne ke riƙe da ita dare da rana. Inda famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, dole ginin ya mallaki tankinsa na musamman wanda ba a ɗiba don wanka ko alwala, da injin dizal da batirinsa ke da caji, tunda gobarar kan fara da cinye wayar wuta. Ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu zafi kan kai inda jar kwalba ba ta dace ba, sai rawaya ko kore. Ƙurar hunturu kuma tana lulluɓe kawunan, sai an bi su da iska ana hurewa, ba tare da an taɓa kwalbar ba. Duk wannan albashin mutum ne na dindindin da kuɗin mai na kowane mako, kuma a kasafin ginin ya kamata a rubuta su tun ranar da ake sayen bututun.